Jawabi a Kan Motsa Jiki: Kada Sikeli Ya Karya Mana Gwiwa



Mu da muke neman abinci a Terminus mun san zamanmu. Daga buɗe shago har la'asar sakaliya muna kan benci, ga shayi da madara, ga masa, in za mu koma Gangare ko Unguwar Rogo sai mu tare Keke. Shi ya sa yanzu in an haɗu, ba a gama gaisawa sai an tambayi hawan jini da ciwon suga.

To, da yawanmu likita ya ce mu riƙa tattaki, kuma mun fara. Amma me ke faruwa? Mutum ya yi sati uku yana zagaya filin wasa na Rwang Pam cikin sanyin Jos, sai ya hau sikeli ya ga kilo 95 ɗinsa na nan daram, tumbi bai motsa ba. Shi ke nan, sai ya rataye kambas ya ce aikin banza ne.

Jama'a, wannan lissafin bai yi ba. Ɗan kasuwar kirki ba ya rufe shago don cinikin yini guda, jarinsa yake dubawa. Nauyi shi ne mai nawar sauka, amma jiki yana cin riba tun kafin nan. Tsoka mai aiki tana janye suga daga jini, zuciya tana ƙara ƙarfi, hawan jini yana sassautawa, barci yana daɗi. Sikeli ba ya auna ko ɗaya cikin waɗannan. Sai mu tambayi kanmu: hawan da ke sa mu haki bara, yau yaya? Gwiwa tana ƙara in mun taso daga sujada? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a mako yana motsa jiki, wato rabin awa sau biyar. Ba ta ce sai ya koma kamar ɗan dambe ba.

Mu mutanen Jos ma ai bai kamata a koya mana wannan ba. Manyanmu suna tuna Mighty Jets, ƙungiyar Alhaji Isiyaku Ibrahim. Ta ci gasar lig a 1972, amma a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na shekarar Bendel Insurance ta doke ta, a 1974 kuma Rangers ta Inugu. Kofin nan bai zo garin nan ba sai 1999, a hannun Plateau United. Wa zai ce atisayen waɗancan shekaru asara ne? Cikinsa aka samu su Sam Garba da Isma'ila Mabo, wanda ya kai 'yan wasan matan Nijeriya zagayen kwata fainal na kofin duniya a Amurka a 1999 ɗin nan. Allah Ya jiƙansa, ya rasu a 2023.

Abin da muke roƙo, kowa ya ajiye sikeli har wata uku. Ya samu ɗan littafi irin na bashi, ya riƙa rubuta ranar da ya fita da mintin da ya yi. Wanda ke shan maganin suga ko na zuciya ya fara ganin likitansa, kada ya bar magani don ya fara tattaki. Iyayenmu mata kuma a bar su su fita tare da 'yan'uwansu, ciwon nan bai ware su ba.

Ranar Asabar bayan sallar asuba za mu haɗu a bakin tsohuwar kasuwa. Kowa ya zo da rigar sanyi.