Jawabi A Kan Shiga Jirgin Sama Da Kwamfuta Da Batir

Wannan jawabi ya shafi mutanen ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan masu niyyar hawa jirgin sama, ko maniyyaci ne da zai sauka a sansanin alhazai na Mando kafin ya tashi daga Kaduna, ko ɗan kasuwa mai bi ta filin jirgin Malam Aminu Kano, ko ɗalibi mai zuwa neman ilmi Masar ko Ingila. A da, guzurin matafiyi bai wuce tufafi da dakuwa da ɗan mazarƙwailar Makarfi ba. Yanzu kuwa da wuya a buɗe jakar mutum ba a tarar da wayar hannu ba, ko kwamfutar tafi-da-gidanka, ko batirin nan na ajiye caji da a ke kira fawa bank. A kan waɗannan kaya akwai dokoki biyu da jama'a ke cakuɗawa. Ɗaya ta wuce, ɗaya tana nan da ƙarfinta.

Doka ta fari tsoron bam ne ya kawo ta, tsoron kuwa yana da asali. Ran 21 ga Disamba 1988 wani jirgin kamfanin Pan Am ya tarwatse a bisa garin Lokabi na ƙasar Sikotilan, mutum 270 suka hallaka. Da aka bincika, ashe cikin rediyo mai kaset aka ɓoye bam ɗin. Haka nan kuma ran 2 ga Fabrairu 2016 wani mutum ya shiga jirgin kamfanin Daallo a Mogadishu da kwamfuta wadda aka ɗura wa nakiya. Ta fashe jim kaɗan bayan tashi, ta huda gefen jirgin, amma Allah ya kiyaye, shi kaɗai ya mutu, direba ya komo ya sauka da sauran fasinja.

Saboda irin wannan, ran 21 ga Maris 2017 Gwamnatin Amurka ta hana shiga ɗakin fasinja da duk wata na'ura da ta fi wayar hannu girma, in dai jirgin ya taso ne kai tsaye zuwa Amurka daga ɗayan filaye goma na ƙasashe takwas, cikinsu har da Jidda, Riyad, Alƙahira, Istambul da Dubai. Sai dai a sa ta cikin babbar jaka a tura rumbun kaya na ƙarƙashin jirgi. Ingila ta bi sahu da tata dokar a kan ƙasashe shida, watau Turkiyya, Labanon, Jodan, Masar, Tunisiya da Saudiyya. Mutanen Jihar Kaduna za su iya tuna lokacin, domin a wannan watan ne aka rufe filin jirgin Abuja don gyara, aka juyo da jirage Kaduna har mako shida.

Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da aka lissafa, kuma dokar ba ta taɓa maniyyacin da ya tashi daga Kaduna zuwa Jidda ko Madina ba. Wanda ta kama shi ne irin mai tashi daga Kano ya sake jirgi a Alƙahira zuwa Landan. Ba ta kuma daɗe ba. Kafin watan Yuli 2017 ya ƙare Amurka ta janye tata, bayan filayen sun ƙarfafa bincike, Ingila ma ta riƙa sassautawa sannu a hankali. Abin da ya saura shi ne, a filaye da yawa a kan ce wa mutum ya fid da kwamfutarsa daga jaka ya aza a tire don na'ura ta leƙa cikinta, wani lokaci kuma a ce ya kunna ta. Lalle ne ta kasance da caji, gama wadda ta ƙi kamawa ana iya hana ta wucewa.

Tun a lokacin masana aikin jirgi suka nuna damuwa, domin tara kwamfutoci a rumbun kaya gudun wani haɗari ne a faɗa wani. A nan doka ta biyu ta shigo, ita ce kuwa ta fi shafar jama'ar wannan yanki. Batirin da ke cikin waya da kwamfuta da fawa bank da sinadarin litiyam a ke yinsa. In ya sami lahani, ko nauyi ya danne shi, ko wani ƙarfe kamar makulli ya haɗa bakunansa biyu, sai ya ɗau zafi, zafin ya bi daga ɗaki zuwa ɗaki na cikinsa har ya kama da wuta. Wutar nan ba ta jin magani da sauƙi, a kan kashe ta ta sake tashi. In a ɗakin fasinja ne, ma'aikata za su ga hayaƙi nan da nan, su kashe, su kwarara ruwa har batirin ya huce. A rumbun kaya kuwa babu idon kowa, babu mai iya sauka can jirgi yana sama.

Ran 28 ga Janairu 2025 wuta ta tashi a akwatin kaya na bisa kan fasinja cikin jirgin kamfanin Air Busan a Koriya ta Kudu, yana shirin tashi. Mutum 176 da ke ciki duk sun tsira, amma jirgin ya ƙone, masu bincike kuma suka ɗora zato a kan fawa bank. Bayan wannan kamfanoni da dama suka tsananta. Emirates, alal misali, ta hana amfani da fawa bank cikin jiragenta tun daga 1 ga Oktoba 2025.

Don haka fawa bank da duk batirin da ba ya jikin na'ura ba su shiga babbar jaka ko kaɗan, sai jakar hannu. Girmansu ma yana da iyaka. Wanda bai wuce wat-awa 100 ba ya halatta. Daga nan zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, waɗansu kamfanonin ma ba su yarda sam. Abin da ya haura 160 ba ya hawa jirgin fasinja. Ga yadda mutum zai gane nasa: mai lamba 20,000 mAh a jiki wajen wat-awa 74 ne, babu laifi. Mai 30,000 ya kai 111, yana bukatar izini. Mai 50,000 ya kai 185, sai a bar shi gida. Wannan batu ya fi damun mutanen karkara, domin ƙarancin wutar lantarki ya sa manyan su ne masu farin jini a kasuwa. Wanda lambarsa ta goge, ko ya kumbura, mai bincike yana da ikon karɓe shi.

Kwamfuta ma a jakar hannu ta fi dacewa. In tilas ta sa aka tura ta rumbun kaya, a kashe ta gaba ɗaya, a naɗe ta da tufafi. In waya ta faɗa tsakanin kujeru, kada mai ita ya motsa kujerar, ya kira ma'aikaci, gama ƙarfen kujera yana iya murƙushe batirin. A watan Agusta 2025 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya ta ba da umarni a riƙa kashe waya gaba ɗaya sa'ad da jirgi zai tashi da sa'ad da zai sauka. Har wa yau kada kowa ya karɓi saƙon waya ko rediyo ko kwamfuta daga hannun wanda bai sani ba, ko da an haɗa shi da Allah. Maniyyaci mai shakka a kan kayansa ya kai wa jami'in alhazai na ƙaramar hukumarsa ya duba tun kafin ranar awon jaka, ɗan kasuwa kuwa ya tambayi kamfanin jirgi ranar da ya sayi tikiti.