Lacca: Wa ke tsaron bashin gina gida?



Ma'aikacin da ya shekara talatin yana wa gwamnati aiki, ya yi ritaya a gidan haya, ya san ciwon rashin muhalli. Gida ba ya ginuwa da albashin wata guda, sai da bashi mai dogon wa'adi, na shekara goma ko ashirin. Banki kuwa kuɗin masu ajiya yake bayarwa, wato kuɗin ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda ke iya zuwa neman abinsu gobe da safe. Wannan shi ya sa dole a sa ido.

Nijar ta ɗanɗana rashin sa ido. Bankin BDRN ya ba da basussukan da ba a biya ba, har aka rufe shi a 1990, aka kafa Sonibank a gurbinsa. A shekarar nan ce ƙasashen sefa na yammacin Afirka suka kafa hukumar binciken bankuna, mai mazauni a Abijan, babban bankin BCEAO kuwa yana Dakar. Ita ce ke duba littattafan bankuna, tana da ikon hukunta shugabanninsu da janye izinin aikinsu. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, siminti da kwano suka yi tashin gwauron zabi, ga albashi ba ya zuwa kan kari. Gine-gine da dama suka tsaya a kango.

Daga baya an samu gyara. A 2010 aka kafa asusun CRRH a Lome, wanda ke samo kuɗi mai dogon wa'adi ya ba bankuna don bashin gidaje. A 2014 aka ƙayyade cewa ruwan bashin banki kada ya wuce kashi 15 cikin 100. A 2018 aka buɗe bankin gidaje na Nijar, BHN, a Yamai.

To amma babbar matsalar tana ga takardar fili. Dokar jingina ta OHADA tana neman fili mai cikakken rajista, wato titir fonsiye. Galibin mutane takardar sayen fili kaɗai ke hannunsu, wani lokaci ma fili guda a sayar wa mutum biyu. Saboda haka banki ya fi son ma'aikacin da albashinsa ke ratsawa ta asusunsa. Ɗan kasuwa, ko da jarinsa ya fi albashin ma'aikata goma, sai a bar shi a bakin ƙofa. Wani kuma tsoron riba ke hana shi zuwa.

Abu huɗu ke kan hukuma. Ta sauƙaƙa yin titir, ta rage kuɗinsa. Ta tilasta wa kowane banki ya bayyana wa mai neman bashi jimillar abin da zai biya kafin ya sa hannu, cikin harshen da yake ji. Ta ƙarfafa hanyoyin bashi na Musulunci. Sannan ta hana masu mulki, ko su wane ne, mai da bankin gidaje wurin saka wa ƴan barandansu, domin wanda ya ci bashi da ƙarfin mulki ba ya biya, talaka mai ajiya ne ke biya masa.

Allah ya sa kowane magidanci ya kwana a gidan kansa. Wassalam.