GWAJIN ZUCIYA LOKACIN AIKI

Jawabi ga jama'ar birnin Sakkwato, musamman waɗanda suka wuce shekara 40

Mai hankali ba ya sayen doki yana ɗaure a turke. Sai an kwance shi an sukwane shi, sa'an nan a ga ko yana ɗingishi. Haka al'amarin zuciyar ɗan Adam ya ke. Akwai ciwon da ba ya bayyana idan mutum yana zaune, sai ya ɗauki kaya, ko kuwa ya hawo tudu daga fadamar Rima zuwa cikin gari, sa'an nan ya ji kamar an aza masa dutse a ƙirji. Da ya huta kaɗan sai abin ya wuce, ya ce gajiya ce.

Dalili shi ne, zuciya tsoka ce, tana da jijiyoyi nata masu kawo mata jini. Idan kitse ya ƙuntata su, jinin da ke wucewa ya kan ishe ta lokacin hutu, amma ba ya isarta lokacin aiki. Sabo da haka likitoci suka nemi dabarar auna ta tana cikin wahala. A 1929 Likita Arthur Master na Amurka ya fito da gwajin hawa da sauka kan matakala mai hawa biyu. A 1963 kuma Likita Robert Bruce, shi ma a Amurka, ya tsara hanyar da aka fi bi har yau.

Ga yadda a ke yi. A kan manna wa mutum wayoyi a ƙirji, su kai labarin bugun zuciyarsa ga wani inji mai rubutawa. Sai ya hau wata shimfiɗa mai tafiya ƙarƙashin ƙafa, ya yi ta takawa. A kan fara a hankali, ƙasa da mil 2 cikin awa guda. Bayan kowane minti 3 a ƙara sauri, a ƙara tudu, likita yana tsaye yana auna ƙarfin jini. Lissafin da a ke yi shi ne a cire shekarun mutum daga 220. Mai shekara 50, watau, iyakar bugunsa wajen 170 ne cikin minti guda, a kan so ya kai kamar 145.

Wanda za a gwada ya bar cin abinci wajen awa 3 kafin lokacin, ya ƙaurace wa goro da taba da shayi, ya kawo dukan magungunan da ya ke sha likita ya gani. In ya ji zafin ƙirji ko jiri ana cikin gwaji, lalle ya faɗa nan take a tsaya. Jurewa a nan ba jarunta ba ce.

Gwajin nan ba ya gano kowane ciwo, wani lokaci sai an haɗa da wani bincike. Kada kuma kowa ya gwada kansa da gudu cikin zafin bazara. Mai jin nauyin ƙirji wurin aiki, tun ba mai hawan jini ko ciwon sukari ba, ya tafi Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, likita ya duba irin gwajin da ya dace da shi. Amma wanda ciwon ya kama yana zaune bai lafa ba, kada a jira gari ya waye, a kai shi asibiti nan da nan.

Allah ya ba mu lafiya, amin.