Hanyoyi Biyu da ke Cikin Laka

Jawabin malamin lafiya ga 'yan ajin yaƙi da jahilci a Sabon Birni

Yau zancenmu a kan laka ne.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci ya ga wani farin abu mai laushi cikin ƙashin bayan dabba. Ita ce laka. Ta babban mutum tsawonta ya kai santimita 45, kaurinta kamar ƙaramin yatsa. Daga ƙwaƙwalwa ta sauko, kuma jijiyoyi 31 ke fita daga gefenta na dama, 31 daga na hagu.

Ku dubi hanyar nan tamu zuwa Isa. Wasu na tafiya, wasu na dawowa. Haka laka take. Hanya ta farko ta motsi ce, tana sauko da umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka, sai manomi ya ɗaga fartanya. Ta biyu ta ji ce, tana kai labari sama: zafi, sanyi, taɓawa, ko sukar ƙaya.

Ɗaya na iya lalacewa ɗaya na aiki. Cutar shan inna sashen motsi take kamawa. Shi ya sa ƙafar yaro ke shanyewa, amma in ka mintsine ta zai ji. Ba aikin iska ba ne, ƙwayar cuta ce. A 2020 aka tabbatar ainihin nau'inta ya ƙare a Afirka, amma wani nau'in ya ci gaba da ɓulla inda yara ba su samu rigakafi ba. Don haka mu bari a ɗiga wa 'ya'yanmu.

Faɗuwa daga babur, raƙumi ko bishiya kuwa tana iya yanke hanyoyin duka biyu. Idan haka ta faru, ku ce wa mutum ya motsa yatsun hannu da na ƙafa. Ku taɓa shi, ku tambaya ko ya ji. In ɗaya ya gagara, ko yana kukan wuya ko baya, kada a zaunar da shi, kada a goya shi bisa babur, kada a kai shi wurin maɗori. A riƙe kansa daidai da jikinsa, mutum huɗu su ɗora shi a miƙe bisa ƙyaure ko katako, a nufi asibiti. In abin ya yi tsanani, akwai likitocin laka a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato.

Ƙashi yana ɗoruwa. Laka in ta yanke gaba ɗaya, har yau ba a samu mai ɗora ta ba.

Allah Ya tsare mu, amin.