Ɗan Sandan da Ya Faɗi Ranar 16 ga Janairu: Bashin da Ke Kan Damagaram

Shugaban zama, wakilin Mai Martaba Sarkin Damagaram, malamai abokan aiki, jami'an tsaro da nake hangowa a layin baya, ɗalibai, na gaishe ku gaba ɗaya.

Ba sai na ba ku labarin Juma'ar 16 ga Janairun 2015 ba. Da yawanku kuna cikin garin nan na Zinder ranar, kun ga hayaƙi yana tashi daga cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, kun ga majami'u suna ci da wuta bayan an sauko masallaci. Hukuma ta ba da lissafi: mutum huɗu sun mutu, uku fararen hula, ɗaya ɗan sanda, mutum 45 sun ji rauni, 22 jami'an tsaro, 23 masu zanga-zangar adawa da zanen jaridar Charlie Hebdo. Daga baya aka tsinci gawa ta biyar cikin wata majami'a da aka ƙona. Washegari wutar ta kai Yamai, mamata suka cika goma, gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku. Duka rayuka ne, kowanne da masu kukansa har yau. Amma ni a kan mutum ɗaya na zo magana, wannan ɗan sandan da ya fito aiki da safe bai koma gida ba.

Shekara da shekaru ina yi wa ɗalibaina tambaya ɗaya idan muka iso wannan darasi: wa zai faɗa mini sunansa? Aji ya yi tsit. Sai in ce to, wa ya san ɗan sandan da aka kashe a Paris kan wannan rikici? Nan take hannuwa su tashi: Ahmed Merabet.

Ku dubi wannan da kyau, don a nan hujjata take. Kwana tara ne kacal tsakanin mutuwar mutanen nan biyu, kuma sanadin guda ne, wato zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo da abin da ya biyo baya. Ahmed Merabet Musulmi ne, iyayensa ƴan asalin Aljeriya. An harbe shi ranar 7 ga Janairu a bakin titi, yana kwance da rauni. Ranar 13 ga wata shugaba François Hollande ya tsaya gaban akwatin gawarsa da na abokan aikinsa biyu, Franck Brinsolaro da Clarissa Jean-Philippe, ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora musu lambar girma mafi daraja ta ƙasar. A ranar aka kai shi maƙabartar Musulmi ta Bobigny. Ɗan'uwansa ya yi magana gaban ƴan jarida, duniya ta ji. Da shekara ta zagayo, aka manna allo ɗauke da sunansa a titin Richard-Lenoir, daidai inda ya faɗi, duk mai wucewa ya karanta. Namu kuma ya shiga labaran duniya da kalmomi uku: ɗan sanda ɗaya. Yaron da aka haifa a Birni ko Zango ko Garin Malam ya san ɗan sandan Paris da suna, da fuska, da titin da ya faɗi, bai san wanda jininsa ya zuba a ƙasar garinsu ba. Ba yabon Faransa nake yi ba, kun san abin da na sha rubutawa game da abin da ta aikata a nan tun daga yaƙin Tirmini na 1899. Cewa nake yi ta san cewa wanda ya mutu da kaki a jikinsa ɗan wani ne, ta kuma nuna wa masu rai cikin kakin cewa idan tasu ta zo ba za a mai da su adadi ba.

Wasu abokan aikina, kuma suna cikin zauren nan, sun daɗe suna ce mini ɗan sanda sandar mai mulki ne, shi ke harba hayaƙi mai sa hawaye, shi ke karɓar na goro a shingen hanya, don haka ba aikin malamin jami'a ba ne ya yi masa kuka. Na ji. Wanda ya ci zali a hukunta shi, ni ne na farko da zan sa hannu. Sai dai wanda ya ba da umarni yana ofis, wanda aka jefa da dutse kuwa ƙaramin ma'aikaci ne mai gidan haya. Ba zan ɓata lokacinku a kan wannan ba.

Abin da ya fi cancantar a tsaya kansa shi ne yadda muka zo nan. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya gina ganuwar Birni, dogari ɗan gari ne. An san gidansu, an san ubansa, idan ya wuce gona da iri akwai Sarkin Dogarai, akwai fada. Idan ya rasu unguwa ce ke ɗaukar makararsa. Da Nasara ya zo sai ya kawo gardinsa, masu karɓar haraji da kamen mutane zuwa aikin dole, wanda ba a soke ba sai a 1946. Tun daga nan kaki ya zama abin gudu, uwa ta riƙa tsorata ɗanta da shi. Mun karɓi mulkin kai a 1960, muka gaji kakin, muka gaji tsoron, ba mu zauna mun warware ƙullin ba. Ga shi yau ɗan sandan da ke tsaye a bakin kasuwar Dole ɗanmu ne, harshenmu yake yi, sahu ɗaya muke bi, amma idan ya faɗi sai gari ya ɗauka asarar gwamnati ce.

Ga hukuma kuma ina da ƙorafi, kuma ba sabo ba ne. Da aka kashe sojoji 71 a Inates cikin Disambar 2019, da 89 a Chinegodar cikin Janairun 2020, ƙasa ta yi makoki, an sauke tuta, kuma sun cancanci fiye da haka. Amma tuta kwana uku take yi a ƙasa. Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu, mijinta jami'in tsaro ne da ya rasu a bakin aiki. Na ga yadda ta fita takaba ta shiga yawon ofisoshi da takardu cikin leda, yau a ce ta kawo takardar mutuwa, gobe ta aure, jibi ta haihuwar kowane yaro, gata a ce dosiyen yana Yamai. Kilomita kusan 900 ke tsakaninmu da Yamai. Ina matar da ke riƙe da marayu za ta samu kuɗin mota da na masauki? Ranar jana'iza manyan motoci sun cika lungunmu. Ranar sadakar arba'in mu maƙwabta ne kawai a kan tabarma.

Abin da nake nema na sha faɗa, zan kuma maimaita. A rubuta sunan duk ɗan sanda, jandarma da gardi na jihar Damagaram da ya mutu a bakin aiki, da ranar rasuwarsa, a bangon da jama'a ke wucewa, ba cikin komisariya inda sai mai laifi ko mai ƙara ke shiga ba. A fara da na 16 ga Janairu, da yardar iyalinsa. Masu cewa wannan ya yi kama da gumaka, rubutun suna ne kawai, irin wanda ke bisa ƙofar kowace makaranta a garin nan.

Haƙƙin iyali kuma a biya shi kafin matar ta fita takaba. Wata huɗu da kwana goma sun ishi kowane ofis ya gama takarda, idan akwai ma'aikaci ɗaya a nan Zinder da aka ɗora wa bin dosiyen har Yamai, maimakon a bar wa mai takaba. Ƴaƴan marigayi su yi karatu ba tare da an kore su kan kuɗi ba, har jami'ar André Salifou, kuma wannan mu malamai muna iya fara shi ba tare da jiran doka ba.

Saura fada da limamai. Ina roƙon wakilin Mai Martaba ya isar da wannan: duk Juma'ar da ta fi kusa da 16 ga Janairu, a ambaci mamatan wannan rana a masallatan Juma'a na gari, a tuna wa jama'a haramcin zubar da jini da ƙona dukiyar maƙwabci, sannan tawagar fada ta taka zuwa gidajen iyalansu, har da na Kiristocin da aka ƙona wa wuraren ibada. Idan aka kafa kwamitin tattara sunayen, ni da ɗalibaina mun ɗauki aikin bin gida-gida.