ƘAUNAR ALLAH MARAR SHARAƊI DA RAYUWAR MAI BI

 Abin da za mu yi magana a kai shi ne ƙaunar Allah wadda ba ta da sharaɗi, da yadda take sake rayuwar Kirista idan ya ɗanɗana ta.

Da farko ya kamata mu bambanta ta da irin ƙaunar da muka saba gani. Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya, kuma yawancin zumuncin duniya a kan haka yake tafe, wato ba ni gishiri in ba ka manda. Ma'aikaci ƙofar gidansa ba ta rabuwa da takalman baƙi muddin yana kan kujera, amma ran da ya yi ritaya sai ka ji tsit. Wanda ya tashi cikin wannan hali yakan ɗauka Allah ma haka yake, sai ya mai da ibadarsa ciniki, kullum yana lissafi, kullum yana fargaba.

Yesu Almasihu ya rushe wannan zato da misalin da ke cikin Bisharar Luka, sura ta 15. Wani saurayi ya karɓi rabonsa na gado tun ubansa yana da rai, ya tafi uwa duniya ya ɓatar, har yunwa ta kai shi kiwon aladu. Da ya yanke shawarar komawa gida, niyyarsa ya roƙi a ɗauke shi ɗan ƙwadago, ya riƙa cin guminsa. Uban kuwa tun daga nesa ya hango shi ya sheƙo a guje ya rungume shi, bai ma bari maganar ƙwadago ta fito ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Bangaskiyarmu ita ce Allah ya ƙaunace mu tun muna cikin zunubi, kuma giciye shi ne shaidar haka.

To, me wannan yake canzawa? Abu na farko shi ne kunya. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a Amanawa ta Sakkwato, da Babbar Ruga ta Katsina, da kuma Yadakunya a nan kusa da Kano. A lokacin ba a sami sahihin magani ba, sai allurar wani mai da ake tatsa daga 'ya'yan itace, kuma abin da ya rage wa yawancin masu cutar shi ne bara. Ku dubi sunan wurin da kyau: ya da kunya. Mutumin da jama'a ke ƙyamar yatsunsa, ranar da wani ya riƙe hannun nan ya wanke masa miki, ranar ce yake tuna shi ma mutum ne. Kuturta yanzu tana warkewa, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna a 1981. Amma akwai kuturtar zuci da ke tare da mu: ɗalibin da aka kora daga jami'a ya kasa faɗa wa iyayensa, da budurwar da ta yi kuskure aka mai da ita abin nuni. Wanda ya tabbata Allah ya karɓe shi yadda yake, shi ne mai ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya, ya tuba, ya miƙe.

Abu na biyu shi ne aiki. Da yawanmu a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni muke zaune, waɗansu suna koyon likitanci da jinya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, waɗansu kuwa sun fara aikin ofis. Gobe wata tsohuwa za ta zo daga ƙauye, ba ta san kowa ba, ba ta da goron bayarwa. Yadda muka karɓe ta shi zai nuna ko mun fahimci abin da aka yi mana. Sai dai mu yi hattara. Idan muka yi wa mutum alheri don ya bar addininsa ya bi namu, to mun sa sharaɗi ke nan, mun koma ciniki.

Abu na uku, wanda ya fi wuya, shi ne gafara. Ranar Lahadi 29 ga Afrilu, 2012, 'yan bindiga suka auka wa Kiristoci suna sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, suka kashe mutane fiye da goma, har da malamai. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba, 2014, aka kai hari Babban Masallacin Kano, fiye da mutum 100 suka rasu. Hawayen marayun nan iri ɗaya ne. Gafara ba ta hana hukuma kama mai laifi, ba ta kuma hana mu neman adalci. Abin da take hanawa shi ne mu ɗora laifin 'yan ta'adda a kan maƙwabcinmu Musulmi wanda muke cefane tare da shi a kasuwar Tarauni, ko mu gadar wa 'ya'yanmu ƙiyayya.

Daga ƙarshe, kada wani ya ce tun da ƙaunar ba ta da sharaɗi, sai mu sheƙe ayarmu. Wanda aka tsamo daga rijiya ba ya sake wasa a bakinta, sai dai ya nemi igiya saboda na ciki. Allah ya ba mu zuciyar yin haka, ya zaunar da Kano da ƙasarmu lafiya.