AMSOSHIN WASIƘUNKU: Mene Ne Amfanin Rubuta Yaren Da Ke Shirin Ɓacewa?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a Roni. Ya ce kakarsa na jin Fulatanci ƙwarai, mahaifinsa na ji sama-sama, shi kuwa sai gaisuwa. Yana tambaya, wai malaman nan da ke bin ƙauyuka da rakoda suna tambayar tsofaffi yare, me suke nema, kuma ina amfaninsa?

To, Malam, mun gode. Abin da ya faru a gidanku ba baƙo ba ne a ƙasar Kazaure. Ɗan Tunku da ya kafa sarautar Bafulatani ne, amma yau Hausa ake yi a kasuwannin Kazaure da Gwiwa. Sai dai shi Fulatanci yana da miliyoyin masu jin sa daga Senegal har Kamaru. Wasu harsunan kuwa ba su yi wannan dace ba. A nan Jigawa, mutanen Auyo da na Teshena ta Kafin Hausa sun taɓa yin yarensu na kansu, dangin Badanci da Ngizimanci. Yau babu mai jin su. Ɗan jerin kalmomi kawai ya rage a takarda, wanda wani malami Ba'amurke, Russell Schuh, ya yi nazari a kai a 2001.

Ka ga kuwa jerin kalmomi ba shi ne harshe ba. Ɗauki Hausa. In baƙo ya rubuta "ci" ya fassara shi da cin tuwo, ina zai sa cin kasuwa, da cin bashi, da cin amana? Ɗan kasuwa ya san bambancin "na saya" da "na sayo" da "na sayar", domin wanda ya rikita su ya yi asara. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo rubutu ɗaya ne, jan wasali ne ya raba su. A Fulatanci kuma mutum ɗaya Pullo ne, in sun yi yawa Fulɓe. Har farkon kalmar ya sauya.

Irin wannan malaman ke nema. Sukan zauna da mai yare watanni, su ce, "Yaya za ka ce na sayar da akuya? In jiya ne fa? In ban sayar ba fa?" Sukan kuma shirya magana da kansu su tambaya, "Ana faɗin haka?" In tsoho ya yi dariya ya ce ba a faɗi, wannan ma ilimi ne, sun gano iyakar ƙa'ida. Sannan su ɗauki tatsuniya, da waƙar daka, da hirar gona, domin a nan ne ma'ana take fitowa.

Haka Schuh ya zauna a Potiskum a 1969 zuwa 1970, ya fitar da ƙamus na Ngizimanci a 1981. Daga baya shi da Alhaji Maina Gimba da 'yan ƙasa suka buga ƙamus na harsunan Yobe guda 5 a 2004. Su sun tarar da masu magana da rai. Auyo kuwa an makara.

Amfanin fa? Sunayen ciyayi da itatuwa, launin shanu, alamun damina, kirarin zuriya, duk a cikin yare suke ajiye. In ya tafi, da su yake tafiya.

Shawararmu, Malam, kada ka jira malamin jami'a. In kaka tana raye, sa wayarka ka ɗauki muryarta, da izininta. Ta yi tatsuniya, ta lissafa sunayen shanu, sannan ta fassara maka. Ka ajiye a wuri biyu, don waya takan ɓata. Mafi girma kuma, ka roƙe ta ta riƙa yi wa jikoki magana da yaren, su amsa da shi. Rakoda ajiya take yi, bakin yara ne ke raya harshe.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.